Harshen Duman

Shekara talatin da huɗu na yi a ɗakin injin jirgin ruwa,
daga Trabzon zuwa sauran tashoshin Bahar Aswad,
har na kai in ji tarin inji in faɗi ciwonsa
tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.
Harshen kyanwa kuwa, sai da furfura aka sa ni makaranta.

Shukriye ce ta tsinto ta a bayan kasuwar kifi,
jiƙe sharkaf, launin toka, ba ta cika tafin hannu ba.
Ta raɗa mata Duman, wato hayaƙi.
Na ce, bakin ci dai ya ƙaru.

Ita ke yi mini tafinta.
"Wannan gajeren gaisuwa ce, Rustem, amsa mata.
Mai jan nan kuwa ƙara ta kawo:
kwanonta ya bushe, kuma ta san kai ne."
Akwai wanda takan yi baki a rufe,
rrrp, kamar ƙwayar wake ta gangara a faranti,
ta yi gaba, ta waiwayo: biyo ni.
In ta hango tsuntsun teku ta taga
sai haƙoranta su kama kaɗawa, kak-kak-kak,
kamar keken ɗinkin da zare ya ƙare masa.
Wannan ba namu ba ne, in ji Shukriye,
tsakaninta ne da abin da ba za ta samu ba.

Abu ɗaya na gano da kaina:
a rufin Nejla maƙwabciya, cikin 'yan'uwanta,
ba ta cewa myau.
Can sai huci, sai harara, sai kunne ya kwanta.
Myau ɗin, mu ta ajiye wa,
kamar kofin da ake ɓoye wa baƙo.

Daren da aka kai Shukriye makwancinta,
masu ta'aziyya sun watse, shayi ya huce a kofuna,
Duman ta bi ɗaki-ɗaki
da wani kuka daga can ƙasan ciki,
ya daki bango ya dawo.
Na waiga neman tafinta.
Babu.
Ashe wannan ba ya buƙatar fassara.

To, inji ba ya yafe bashi.
Kunnen hagu ya tafi, na dama ya bi sahu.
Kiran salla ya koma kamar daga ƙarƙashin ruwa.
Sai in ga bakinta ya buɗe, ja, da 'yan haƙora,
ya rufe,
ya sake buɗewa,
ni ina zaune kamar an dasa ni.
Wata uku tana sallama a ƙofar da ba kowa.
An ce gani ya kori ji.
Wanda ya faɗa bai taɓa kallon kyanwarsa tana magana ba
ya rasa ko yunwa ce, ko gaisuwa, ko kewa.

Wata asuba, dusar ƙanƙara ta rufe taga,
na farka da nauyi a ƙirji.
Ta taka haƙarƙarina, ta juya sau biyu,
ta ɗora maƙogwaronta daidai ƙashin wuyana,
ta ta da shi.
Wallahi na san wannan!
Inji ne a kunne, jirgi a ɗaure, ba inda za shi,
mai ya ratsa, ba tari, ba gardama.
Ta ƙashi yake shigowa, ba ya neman izinin kunne.

Yanzu haka muke hira.
In ya yi sauri-sauri, kifin hamsi ta sansano a jaka.
In ya yi nauyi yana yankewa
sai in duba idonta, in duba ƙafa;
sau ɗaya ƙaya na ciro.
Nakan amsa da nawa gunagunin, ban san yadda yake fita ba.
Nejla ta rubuto mini a 'yar takarda
wai har hawa na biyu ana ji, in rage.

Ban rage ba.
Duman dai ba ta kawo ƙara ba.